Wa zai riƙe makullin kogon?

Malamin Firamare:
Assalamu alaikum 'yan uwa na gida da na nesa. Wasunku sun riga sun ji, amma gara a ji daga bakin wanda ya gani. Ranar Talata wasu baƙi su huɗu suka zo da farar mota, suka sauka a ƙofar gidan mai gari. Aka haɗa su da yara biyu suka raka su kogon da ke bayan dutsen yamma, mai zanen shanun nan. Sun auna, sun ɗauki hotuna, ɗaya daga cikinsu har da kwanciya rigingine yana haska rufin da tocila. Da suka sauko suka ce wa mai gari suna so a kewaye wurin da waya, a sa ƙofa da kwaɗo, a kafa allo, sannan a naɗa kwamitin mutanen gari da za su yi aiki tare. Abin da suka yi ta nanatawa shi ne wai ba za su yi komai ba sai da "masu wuri". Mai gari ya ce a ba shi mako biyu ya yi shawara.

Ni tambaya biyu ce ta tsaya mini a rai. Su wane ne masu wurin? Kuma in an sa kwaɗon, a aljihun wa makullin zai kwana?

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam Malam. To wannan ai abin murna ne, mene ne na dogon tunani? Shekara nawa muna kuka an manta da mu. In wuri ya yi suna baƙi za su zo, 'yan makaranta za su zo da bas, mai fura ta yi ciniki, mai acaɓa ya samu. Wataƙila ma albarkacinsa a zuba mana burji a hanyar nan da ke cinye mana tayoyi. A karɓa hannu bibbiyu kafin su canza shawara su tafi wani garin.

Tsohon Akawu:
Alhaji, daga Kwari kake magana, shi ya sa. Ni na yi shekara talatin da ɗaya ina rubuta sunayen 'yan kwamiti. Na san yadda ake yi: a zo da takarda, a ce mai gari ya kawo mutum bakwai, ya kawo ƙanensa da surukinsa da ɗan ƙanwarsa, a ɗauki hoto, a raba lemo, shi ke nan. Kun manta da famfon sola na bakin kasuwa? Shi ma da kwamiti ya zo. Ranar da ya lalace aka nemi makullin ɗakin batir, aka ce yana wurin wani jami'i da aka yi wa canjin wurin aiki. Damina biyu muka yi muna kallon tanki a sama muna shan ruwan rijiya.

Ban ce a kore su ba. Na ce tambayar Malam ita ce maganar, sauran duk ado ne.

Ɗalibar Tarihi:
Barkanku da dare iyayena. Baba Akawu ya yi gaskiya, amma bari in ɗan faɗi dalilin da ya sa mutanen nan suka damu da kogon, don na ga wasu a waje suna cewa ai zanen yara ne.

Irin wannan zanen shi ya sa sunan Birnin Kudu ya shiga littattafan duniya. Akwai shi a Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu. Wani Bature mai suna Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, shi ya fara rubutu a kansu. A 1955 ya zo Birnin Kudu ya ga duwatsun nan masu amo, waɗanda in ka buga su da ƙaramin dutse suke ƙara kamar ƙararrawa, a 1956 ya buga bayaninsu, daga nan masana suka shiga neman irinsu a sauran ƙasashe. Yanzu wuraren suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa da doka a 1979. Kafin ita akwai dokar kayan tarihi ta 1953, tun zamanin Turawa.

Abin da ya fi jan hankali a zanen shi ne yawancin shanun ba su da tozo. Ku je ku duba namu, haka suke. Wato waɗanda suka zana su sun rayu da wani irin shanu daban da wanda muka sani yau a ƙasar nan.

Gwaggon Yara:
'Yata, Allah ya yi miki albarka, amma a gyara zance ɗaya. In na ji an ce Bature ya "gano" dutse mai amo dariya nake yi. Kakata ta buga shi, uwata ta buga shi, ni ma na buga shi da hannuna. Shi dai ya rubuta, mu ba mu rubuta ba, nan kaɗai ya fi mu.

Ku maza kuna ta maganar kogo kamar naku ne. Tun tasowata ban taɓa ganin magidanci ya je can ba sai in akuyarsa ta ɓata. Wurin 'yan mata ne. In an sa amarya a lalle, ƙawayenta can suke ɗauke ta su gudu da ita da sassafe, a wuni ana gaɗa ana buga dutsen, sai yamma dangin ango su aiko a yi ta ja-in-ja kafin a sako ta. Ni ranar tawa har ruwa ya tare mu a ciki, muka ci ɗanwaken da aka kawo mana a akushi ya huce sarai. Akwai wata fa mai santsi a gefe da muke zamiya a kai, ku duba za ku ga ta yi sheƙi kamar an shafa mata mai. Ba ruwan sama ne ya yi wannan ba, zannuwanmu ne.

Yanzu an daina, na sani. Amma in ana neman masu wuri a fara da tsofaffin matan garin nan. Mu ne muka san wane dutse ke da babbar murya, wanne ke da ƙarama.

Ɗalibar Tarihi:
Gwaggo na karɓi gyara, tuba nake. Kuma abin mamaki, shi Fagg ɗin ma ya rubuta cewa a Birnin Kudu amare suna zuwa kogo ranar biki. Ashe abin har garinmu.

Almajirin Malam:
Assalamu alaikum. Da girmamawa ga Gwaggo da kowa, ni akwai abin da nake tsoro. An sha wahala kafin a raba mutane da kai gaisuwa gindin tsamiya da bakin kogo. Har yanzu akwai masu zuwa da daddare da baƙar kaza, kowa ya sani, ana ganin gashin da safe. In aka kewaye wurin aka kafa masa allo aka ce yana da daraja, jahili zai ɗauka wata daraja ake nufi. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya sa an sare bishiyar da aka yi mubaya'a a ƙarƙashinta da ya ji mutane sun fara zuwa salla a wurin. Ina ga wannan ya isa a yi hattara.

Malamin Firamare:
Malam, tsoronka a kan hanya yake, ba wanda zai raina shi. Amma duba ta ɗaya gefen. Alƙur'ani ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen da ya kasance. Sahabbai sun ci Masar da yaƙi, dalar Fir'auna ba su rushe ta ba, ga ta nan har gobe. Gidajen Samudawa da aka sassaƙa a dutse suna nan a Hijir, a ƙasar Saudiyya, kuma shi ne wuri na farko da Saudiyya ta sa a jerin wuraren tarihi na UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, a 2008. Mai baƙar kaza duhu yake so da kaɗaici. Wurin da ke da mai gadi da 'yan makaranta suna shiga suna fita shi ne wurin da ba zai iya sakewa ba.

Almajirin Malam:
Na ji. Sai dai shi Hijir ɗin da ka kawo, Annabi (SAW) cewa ya yi kada a shiga sai ana kuka, ba da raha ba. Amma ban ƙi ta taka ba. Sharaɗina guda: duk abin da za a rubuta a allon, liman ya gani kafin a kafa. Kuma kada wani ya zo ya ce a "farfaɗo" da wani yanka don baƙi su ɗauki hoto.

Na Ƙofar Yamma:
Kowa ya yi maganarsa, ba wanda ya ambace mu. Mu goma sha wani abu ne muke fasa dutse a gangaren nan. Da guduma da wuta muke yi, tun safe har rana ta take, kafin ka tara tifa ɗaya tafin hannunka ya zama kamar bayan kunkuru. Da rani in ba wannan ba sai tafiya ci-rani Legas ko Fatakwal. Waya in ta zo ina za ta tsaya? Don na san halin abin, yau a ce taku hamsin daga bakin kogo, gobe a ce dutsen duka na gwamnati ne. Shanun bango ba sa ba da nono, Yaya Malam.

Baban Ummi:
Ai sai a ɗauke ku gadi.

Na Ƙofar Yamma:
Gadi mutum nawa zai ɗauka, Alhaji? Ɗaya. Kuma mun san ɗan wa za a ba.

Ɗalibar Tarihi:
Yaya, ni a ganina ba gudumarku ce babban haɗari ba, ko da yake wutar da kuke hurawa don dutse ya tsage in ta matso kusa za ta iya ɓarke fuskar da zanen yake. Babban haɗari shi ne ranar da mai nakiya zai zo da takardar izini daga Abuja. Ma'adinai da duwatsun fasawa a hannun gwamnatin tarayya suke. Dokar ma'adinai ta 2007 ta hana aiki a wurin da jama'a suke ɗauka da alfarma, ta kuma wajabta wa kamfani ya yi yarjejeniya da al'ummar wurin kafin ya fara. Amma wa zai tsaya ya ce nan wurin yana da alfarma in babu shi a rubuce ko'ina?

A Ostireliya, a watan Mayun 2020, kamfanin Rio Tinto ya sa nakiya ya tarwatsa wasu koguna a Juukan da mutane suka zauna a ciki tun shekara 46,000 da suka wuce. Yana da izinin hukuma a hannu. 'Yan asalin wurin sun yi magana, ba a saurare su a kan lokaci ba. Daga baya shugaban kamfanin ya sauka, amma kogon ya riga ya zama tsakuwa. Ranar da irin wannan ya zo mana, ku ma masu guduma korar ku za a yi.

Ɗan Ruga:
Sannunku. Ina ta karantawa ban sa baki ba. Maganar tozo da 'yar uwa ta yi gaskiya ce, na daɗe ina kallon zanen nan. Ba bunaji ba ne, ba rahaji ba ne. Ƙahon wasu dogo ne amma gadon bayan a miƙe yake sumul. Babana yakan ce wanda ya zana su makiyayi ne ko ma wane ne shi, don ya san inda hantsar saniya take zama, ya san yadda take sunkuyar da kai.

Abin da ya shafe mu: burtalin da ke gangarawa rafi ta gindin dutsen nan ya bi. Gonaki sun riga sun matse shi, wani wurin saniya biyu ba sa jerawa. In waya ta ci ko taku goma daga ciki, dole shanu su faɗa gonar wani, kun kuwa san abin da ke biyo baya. Sannan zan faɗi laifinmu da bakina kafin wani ya faɗa: baƙin hayaƙin da ke rufin kogon ta hagu, yaranmu ne. In ruwa ya tare su nan suke fakewa su hura wuta. Ba su san yana ɓata wani abu ba, ba wanda ya taɓa gaya musu. In an gaya wa Arɗo a gaban mutane, an daina. In kuwa tashi kawai suka yi suka ga waya, ba na ɗaukar alkawarin komai.

Mai Kaya Sai Rahusa:
Akwai takin zamani buhu da rabin buhu, da maganin feshi, a tuntuɓe ni ta akwati.

Mai Kula da Zaure:
Alhaji ba yanzu ba don Allah. Na goge. A ci gaba.

Jikan Sarkin Noma:
Na yi ta jiran in ga ko wani zai faɗa, ba wanda ya faɗa, to bari in faɗa. Baƙin nan da suka ce "masu wuri", a cikin takardarsu "'yan asali" suka rubuta, ɗan mai gari ya nuna mini. In asali ake nema, kowa a garin nan ya san waɗanda aka tarar a gindin dutsen kafin a kafa masallacin Juma'a. Unguwarmu ce. Kakana shi ne na ƙarshe da ya riƙe sarautar noma ta gargajiya, kuma shi yake hana a sare itacen da ke bakin kogon. Yau wasunmu Musulmi ne, wasunmu Kirista, 'yan tsirarun tsofaffi suna nan a kan abin da suka gada. In an tashi zagi a ce Maguzawa, in baƙo ya zo neman tarihi a ce a kai shi gidan mai gari. Baƙin nan sun wuce ta ƙofar gidanmu da mota, ƙura kawai muka samu.

Ba cewa nake kakanninmu ne suka yi zanen ba. Kakana da kansa ya ce tarar da shi aka yi. Amma mu muka tsare shi tsawon zamanin da ba wanda ya san yana da kuɗi.

Tsohon Akawu:
Wannan magana mai nauyi ce, kuma gaskiya ce. Na shaida kakanka, ya taɓa kora ta da sanda a wurin ina yaro, na je ɗiban kashin jemage.

Baban Ummi:
Ni fa ina tsoron kalmar nan ta "ɗan asali". Ita ta ƙona garuruwa a ƙasar nan, an ga abin da ta yi a Jos. Mu da muke lafiya, auratayya ta haɗa mu, kada baƙo ya zo da kalma ya raba mu.

Ɗalibar Tarihi:
Kawu, wannan tsoron ba kai kaɗai ba. A 2007 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da sanarwar haƙƙin 'yan asali, Najeriya ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ƙauracewa ta yi, ita da Kenya da Burundi da wasu. Kalmar ta fi zama daidai a inda Turawa suka je suka zauna suka mamaye, irin Ostireliya da Kanada da Amurka. A can ba a gardamar wa ya riga wa. Mu nan in aka bi salsala kowa daga wani wuri ya taso.

Amma akwai abin ɗauka a nasu. Dutsen Uluru na Ostireliya, gwamnati ta mayar wa mutanen Anangu da shi a 1985, su kuma suka ba hukumar gandun daji haya na shekara 99, bisa sharaɗin su ne masu rinjaye a majalisar da ke yanke shawara a kan wurin. Tun farko suna roƙon baƙi su daina hawa dutsen don a wurinsu abin girmamawa ne. Ba a rufe hawan ba sai Oktoban 2019. Shekara 34 ke nan da ba su takarda. Wato ko an ce naka ne, kafin maganarka ta yi aiki sai kana zaune a inda ake yanke ta, kuma da yawanku.

Ni da za a bi tawa, a ajiye tambayar wa ya riga zuwa. A tambayi wa ke da hulɗa da wurin. Da wannan ma'aunin, gidan Sarkin Noma sun shiga, su Gwaggo sun shiga, Fulani sun shiga, masu fasa dutse sun shiga.

Jikan Sarkin Noma:
Na yarda da rabin maganarki, ƙanwata. "Kowa ya shiga" da daɗin ji, amma na san yadda yake ƙarewa: a ba mu kujera ɗaya cikin tara, a ɗaga hannu, a kayar da mu kullum. Ni abin da nake nema ƙarami ne. Itatuwan bakin kogon da kushewun da ke bayansa, kada a taɓa su sai da yardar gidanmu, ko da duk sauran sun ɗaga hannu. Akwai kakanninmu kwance a wurin. Kuma akwai abin da tsofaffinmu ba za su faɗa wa mai rikoda ba, kada a matsa musu.

Almajirin Malam:
Maganar kushewa ba gardama. Kabari kabari ne, ba a tone shi, ba a taka shi. A nan ina bayanka.

Tsohon Akawu:
'Yata, Ostireliya ta yi nisa. Can in an sa hannu a takarda akwai kotun da za ta tilasta. Kawo mana na kusa.

Jikan Magina:
Baba bari in kawo, don wannan fagenmu ne. Masallacin Djenne na Mali, ginin ƙasa ne, wanda yake tsaye yanzu an gina shi a 1907. Me ya riƙe shi? Duk shekara gari ne ke fitowa kwansa da kwarkwata a yi masa yaɓe, yara na kwaɓa, mata na kawo ruwa, magina na sama a kan itatuwan da ke jikin bangon. Aikin gayya ne irin wanda muka sani. A Tumbuktu da 'yan bindiga suka rushe hubbarorin waliyyai a 2012, ba kamfani aka kawo daga waje ba, maginan garin ne suka sake gina su yadda suka gada, kuɗin dai daga waje ya zo. Da aka gama aka yi taro a masallacin Jingarebar aka miƙa makullan ga iyalan da suke kula da wuraren tun asali. Makulli fa, Malam, amsar tambayarka ke nan.

Yanzu ka zo Kano ka dubi badala. Tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, shekara wajen 900. Tana cikin jerin da Najeriya ta miƙa wa UNESCO tun 2007 tana jiran a karɓa. Ga hukumar tarayya, ga ta jiha, ga masarauta, duk a gari ɗaya. Amma je ka zagaya ka gani: nan an yanka fili, nan an ɗebi ƙasa an yi bulo, nan bola. Da can kowace unguwa da kowane gari na da rabon da yake gyarawa. Ranar da aka ce ta zama ta gwamnati, ranar kowa ya zare hannunsa.

Kuma don Allah a bar maganar waya. 'Yan jari-bola za su kwashe ta kafin kaka, har da turakun. A bar mu mu jera dutse iya gwiwa, ba siminti, ya nuna iyaka kawai. Su Na Ƙofar Yamma su kawo dutsen a biya su.

Na Ƙofar Yamma:
To yanzu aka fara magana.

Ɗalibar Tarihi:
A ƙara da Sukur a Adamawa, wurin farko da Najeriya ta samu a jerin UNESCO, a 1999. Abin da aka karrama a can ba kufai ba ne, gari ne mai rai: fadar Hidi, wato sarkinsu, da hanyoyin da aka shimfiɗa da dutse, da gonakin da aka yi wa matakala a jikin tsauni. Mutanen ne ke gyara su da hannunsu. Na biyun shi ne kurmin Osun a Osogbo, 2005, shi ma da Ataoja, sarkin Osogbo, da masu hidimar wurin ake tafiyar da shi. Duka biyun da muke da su a ƙasar nan, babu wanda aka kori masu shi aka kulle.

Amma kada mu ma mu ɗauka mun iya komai. Akwai abin da baƙin suka fi mu sani. Misali yaran da suka raka su sun ce sun saba watsa wa zanen ruwa don ya fito sosai in za a nuna wa baƙo. Wannan yana kashe shi, ruwan yana jawo gishirin dutse ya fito ya rufe launin. Haka shafawa da hannu, haka bin layin da alli ko gawayi. Sannan wanda ya rubuta sunansa da na budurwarsa da jan fenti a gefen babbar saniyar, yana cikin zauren nan, ba zan faɗi suna ba. Kada kowa ya ce zai kankare, sai mai sanin aikin ya zo.

Malamin Firamare:
Ɗalibina ne, na gane rubutun tun ranar farko. Har yau bai iya rubuta ƙ mai lanƙwasa ba.

Baban Ummi:
To ni duk na ji. Amma kuɗin shiga fa? In baƙo ya biya, asusun wa?

Tsohon Akawu:
Alhaji kada ka sayi tukunya tun ba a haifi saniyar ba. Tambayi mutanen Birnin Kudu baƙo nawa suke gani a wata, su da suke bakin babban titi kuma sunansu na cikin littafi. In an gaya wa matasa kuɗi na zuwa, shekara ta zagayo ba su ga ko sisi ba, su za su fara jifan allon. A gaya musu gaskiya: wataƙila 'yan makaranta ne za su zo sau uku a shekara, sai wani mai bincike jefi-jefi. Ɗan abin da ya shigo a rubuta a littafi, a karanta a bainar jama'a bayan sallar idi.

Ga abin da zan ce mai gari ya nema, kuma a rubuce, da Hausa, boko da ajami, don tsofaffi su karanta da idonsu. Iyaka a taka ta da ƙafa, da Arɗo da masu guduma da masu gonakin gefe, kafin a aza dutse ko ɗaya. Duk hoton da suka ɗauka da abin da suka rubuta a kawo kwafi a ajiye a makaranta. Ko tsinke ba za a ɗauka daga kogon a tafi da shi "gwaji" ba sai an rubuta wa ya ɗauka, yaushe zai dawo. Na ga tukwane da aka haƙo a wani ƙauye aka tafi da su a bayan mota, shekara ashirin ke nan, masu garin ko hotonsu ba su da shi. Hakimi ya sa hannu a matsayin shaida, don jami'i ana canza shi, hakimi yana nan.

Gwaggon Yara:
Ka manta makullin, Akawu, kai da ka fara kuka da shi.

Tsohon Akawu:
In an bi ta Jikan Magina ai babu ƙofa balle makulli, Hajiya.

Malamin Firamare:
Baba, baƙin ba za su yarda a bar bakin kogon a buɗe ba, na ji su da kunnena. Kuma bayan maganar jan fenti, ni ma ban ga laifinsu ba. Ƙila a tsaya a tsakiya: jeren dutse a kewaye, ƙaramar ƙofar ƙarfe a daidai lungun da zanen yake, sauran kogon a bar wa mai fakewa ruwa.

Gwaggon Yara:
To in haka ne makulli uku za a yanka. Ɗaya gidan Sarkin Noma, ɗaya makaranta wurin hedimasta, ɗaya wurina, in na mutu mata su zaɓi wata. Baƙin in sun zo su yi sallama su karɓa, in sun gama su dawo da shi. Dutsen amo kuma kada a kulle shi ciki. Ina so in kai jikokina su ji muryarsa ba sai na cika fom ba.

Baban Ummi:
Mai gari fa? Za a ce an tsallake shi.

Jikan Sarkin Noma:
Mai gari uba ne, shi ake kai wa ƙara in an yi ba daidai ba. In makulli na hannunsa, ƙarar wa za a kai, wurin wa?

Baban Ummi:
Hmm. Wannan ku za ku faɗa masa, ba ni ba.

Mai Kula da Zaure:
Dare ya yi. Na tattara abin da aka faɗa zan kai wa mai gari gobe bayan azahar, ni da Malam. Shawarata a zauna ranar Juma'a bayan la'asar a ƙofar gidansa, kowane ɓangare ya turo mutum biyu.

Gwaggon Yara:
Ɗana, ka taɓa ganin mace ta zauna a ƙofar gidan mai gari tana magana a gaban surukanta? A yi a makaranta, a aji, kowa a kan benci.

Ɗan Ruga:
Kuma Juma'a ba za ta yiwu ba, ranar kasuwar Wudil ce, Arɗo ba ya dawowa sai bayan isha. A duba Asabar.

Na Ƙofar Yamma:
Asabar da safe muna da lodin tifa biyu. Bayan azahar dai.

Malamin Firamare:
Asabar bayan azahar, aji shida, shi ne mai rufin da ba ya yoyo. Zan karɓo makullin ajin wurin hedimasta tun ranar Alhamis, kafin ya tafi Dutse.